Maigida ya warke daga mura amma har yanzu ba ƙarfi, yayarsa ta ce sai an sayi maganin "oksidetib sitires"

Saƙon da ya shigo:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Maigidana tela ne, shekararsa 41, cikin hunturun nan ya yi wata muguwar mura da zazzaɓi da tari har saida aka kwantar da shi kwana 4 aka sa masa oksijin, likita yace bairos ne ya taɓa huhu. Alhamdulillah an sallame mu yau sati 6 kenan, amma Anti mutumin nan ba shi bane, in ya hau keke awa ɗaya sai ya nemi wajen kwanciya, masallacin layinmu ma in ya je ya dawo haki yake, ga mantuwa har awon wani kwastoma ya ɓata. Yayarsa tana harkar maganin ƙarin lafiya na wani kamfani, ta zo da wata na'ura ya riƙe a hannu aka jona da kwamfuta, tace ta nuna oksidetib sitires ya cinye masa jiki, sai an sai set na wata 3 naira dubu 180 harda allurar gulutatayon. Kuɗin adashina ne kawai a hannu, in na ƙi kuma dangi za su ce na fi son kuɗi da lafiyar ɗan'uwansu. Wai meye wannan ciwon, kuma in saya?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa maigida lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma sannu da jinya, dan sati shida ana kallon namiji kwance a gida, ga yara ga cefane ga masu ɗinki suna sintiri a ƙofar gida, wallahi ba ƙaramin abu bane.

Bari in fara baki amsa kafin surutu ya ɗebe ni. Kar ki taɓa kuɗin adashin nan ki sai set ɗin, allurar kuwa ko kyauta aka ce za a yi masa ku ce kun gode. Amma fa ba wai ina nufin Yaya ce ta zauna ta ƙirƙiro kalmar ba, abun akwai shi, masana sun daɗe suna magana a kansa, wani Bajamushe mai suna Helmut Sies shi ya fito da sunan tun 1985. Kalmar gaskiya ce aka ɗauko aka manna a jikin kwalba, shi yasa ma take saurin kama mutane, dan in kin shiga intanet kin buga za ki ga rubutu birjik sai ki ce ai kuwa Yaya ta yi gaskiya.

Ga yadda abun yake. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da ƙananan murhu a cikinta, mitokondiriya ake ce musu, a can ake ƙona abincin da muka ci da iskar oksijin da muka shaƙa, daga nan ƙarfi yake fitowa. Toh ke da kike girki kin san ba murhun da za a hura bai yi tartsatsi ba. Tartsatsin jiki wasu sinadarai ne masu zafin nama da ke fitowa daga oksijin ɗin, ɗaya daga ciki ma kin san shi, haidurojin feroksayid, ruwan nan da ake wanke miki da shi a kemis yana kumfa, jikinki da nawa suna yin nasu kaɗan kaɗan kullum. In tartsatsin nan ya faɗa kan kitsen da ya kewaye ƙwayar halitta ko kan furotin ko kan DNA, wato kundin gadon halitta da ke cikinta, yana ɓata su, irin yadda za ki yanka yalo ko dankalin turawa ki bar shi a faranti ki dawo ki tarar ya yi duhu, ko ƙusa ta kwana a damina ta yi tsatsa, ko man gyaɗa ya kwana biyu a galan warinsa ya canza. Duk aikin oksijin ne. Sai kuma Allah cikin ikonsa ya yi mana ma'aikatan kashe gobara a ciki, akwai katales wanda ke farfasa feroksayid ɗin ya koma ruwa da iska (shi yasa ma yake kumfa a kan miki), akwai gulutatayon wanda jiki da kansa yake haɗawa daga furotin ɗin abinci, hanta ce babbar masana'antarsa, sai bitamin C da bitamin E da muke samu a abinci. Waɗannan su ake kira antioksidan. Ranar da tartsatsi ya fi ƙarfin masu kashewa, toh wannan rinjayen shi ne oksidetib sitires, ni nakan ce masa tsatsar cikin jiki. Shikenan fa. Ba wata ƙwayar cuta bace da ta shige shi.

Abun da masu talla basa faɗa shi ne, lokacin da bairos ya shiga huhun maigidanki, sojojin jikinsa, fararen ƙwayoyin jini, da gangan suka dinga ƙera tartsatsin nan suna watsa wa abokan gaba, makaminsu ne. Akwai yaran da ake haifa jikinsu baya iya ƙera shi, kuma ba lafiya suke samu ba, kullum cikin maruru da ciwon huhu suke dan sojojinsu ba harsashi. Matsalar kawai yaƙin a cikin gida ake yinsa, huhu ne filin daga, dole a fasa tukwane a ƙona katifa. Ki haɗa da zazzaɓi na kwana da kwanaki, ga shi baya cin abinci, kinga ma'aikatan kashe gobarar an tatse su kuma ba a cika musu tanki ba. Binciken da aka yi a kan mutanen da suka tashi daga korona ya samu alamun wannan tsatsa sun hau a jinin wasunsu, gulutatayon ɗinsu ya sauka, har bayan makonni ko watanni da sallama. Wannan gaskiya ne. Amma toka ce da ke nuna an yi gobara, ita kaɗai bata gaya miki dalilin da yasa mutum ɗaya takamaimai yake haki in ya je masallaci. Kwanciyar asibiti ma ita kaɗai tana zaftare naman jiki, huhun da ya yi miki kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya haɗe.

Na'urar nan kuwa, hmm. Masu bincike in za su auna tsatsar jiki jini suke ɗiba ko fitsari su kai dakin gwaji su nemi wasu ɓurɓushin kitse da ya ƙone, kamar wanda ake ce wa MDA, kuma ko a manyan asibitocin koyarwa ba gwajin da ake rubuta wa mara lafiya yau da kullum bane, na ɗaliban bincike ne da ke kwatanta rukuni da rukuni. Ba wani ɗan ƙarfe da za a riƙe a tafin hannu minti ɗaya ya karanto shi, balle ya haɗa da hanta da ƙoda da ƙashi duk a takarda ɗaya. Ki lura kafin a miƙa masa ƙarfen sai da aka shigar da shekarunsa da tsawonsa da nauyinsa a kwamfutar. Da za a sake gwada shi bayan minti biyar a rubuta shekara 25 sai ki sha kallo. Amma dan Allah kar ki yi wa Yaya wannan a gaban mutane, zan zo kan maganarta.

Za ki ce toh Anti tunda masu kashe gobara sun ƙare ai sai a ƙaro su a kwalba, ko? Haka likitocin duniya ma suka zata, kuma sun zuba kuɗi sun gwada. A ƙasar Finlan an ɗauki maza masu shan sigari kusan 29,000 aka dinga ba wasunsu ƙwayar beta karotin, sinadarin nan da ke sa karas ya yi ja, da fatan zai kare musu huhu, da sakamako ya fito a 1994 sai ga shi masu shan ƙwayar sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A Amurka aka yi makamancinsa, dole aka tsayar da shi a 1996 saboda abu ɗaya aka gani. Wani kuma da aka yi da bitamin E a kan maza wajen 35,000, rahoton 2011 ya nuna kansar furosteti, wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ta ƙaru da kashi 17 cikin ɗari a masu sha. Lokacin korona ma asibitin Cleveland a Amurka ya gwada bitamin C mai yawa da zinc a kan marasa lafiya 214, a 2021 suka ce bai rage musu kwanakin ciwo ba, tun kafin a kai ƙarshe suka rufe gwajin. Garin neman gira a rasa ido kenan. Jiki yana buƙatar ɗan tartsatsinsa, da shi yake yaƙi da shi kuma ƙwayoyin halitta suke aika wa juna saƙo, in kin kwara bokitin ruwa dan kashe tartsatsi ai har girkin kin kashe. Ɗan bitamin na yau da kullum da likita zai rubuta wa wanda baya cin abinci daban, wannan ba laifi kuma ba ya kai dubu 180.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu baƙar fatar Afirka ta Yamma musamman maza, ƙarancin G6PD. Sinadari ne da ke sake caja gulutatayon a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma mazanmu da yawa an haife su da ƙarancinsa basu ma sani ba har su tsufa. Mai irin wannan jinin in aka ɗura masa bitamin C mai yawa ta jijiya, irin ruwan nan da ake sa wa mutane a gida wai na ƙara ƙarfi, abun juyewa yake ya zama shi ne tartsatsin, jini ya farfashe, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ido ya yi rawaya, har ƙoda tana iya tsayawa. Kafur ɗin nan da muke jefawa cikin kayan sawa da wasu magungunan asibiti ma suna yi musu haka. Ki tambayi Hajiyarsu cikin hira ko ya yi shawara yana jariri, ko akwai wanda ya taɓa yin fitsari baƙi bayan shan magani a gidansu, in akwai ki gaya wa likita. Ita kuma allurar gulutatayon, mu faɗi gaskiya, kasuwarta a garuruwanmu ta masu neman hasken fata ce, yanzu ne aka sake mata riga aka ce ta masu tashi daga ciwo ce. Waye zai yi masa ita, a ina aka ajiye ta, in jikinsa ya ƙi ta numfashi ya sarƙe a falo waye zai tsaya? Ki juya kwalaben set ɗin ma ki karanta ƙananan rubutu, da yawansu za ki ga an rubuta cewa NAFDAC bata tantance iƙirarin warkarwar da ke jiki ba.

Abun da ya fi damuna a saƙonki ba kuɗin bane ma, tsoro nake a ce an samu suna an liƙa wa ciwon kowa ya kwantar da hankali ana shan ƙwaya wata uku alhali wani abu ne daban da ake iya maganinsa. Ni daga nan ban ga maigida ba ban sa masa abun sauraron ƙirji ba. Ku koma asibitin da aka kwantar da shi, da katinsa, cikin satin nan. A duba yawan jininsa, PCV, dan ƙarancin jini kaɗai yana kawo haki da gajiya da mantuwa duka ukun. A duba suga, dan ciwo mai tsanani da magungunan sitiroyid da ake bayarwa in huhu ya kumbura suna tono ciwon suga da ya ɓuya, kuma suga mai yawa a jini ita kanta babbar mai hura tartsatsin ce. A duba hawan jini a saurari zuciya. A maƙala masa 'yar na'urar yatsa mai auna oksijin ɗin jini yana zaune, sannan ya ɗan taka ya dawo a sake maƙalawa. In likita ya ce hoton ƙirji a yi. In kuma har yanzu yana tari, musamman in da gumin dare ko rama, a kai majina gwajin tarin fuka, tari ya wuce sati biyu a ƙasar nan ba a wasa da shi, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Duk wannan ba zai ci rabin rabin kuɗin set ɗin ba.

Waɗannan kuwa ba a jira gari ya waye: ciwon ƙirji, haki yana zaune bai yi komai ba, tari da jini, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, zuciya tana bugun da ba tsari har jiri ya ɗebe shi, leɓe ya yi duhu, ko zazzaɓi ya dawo da ƙarfi. Bairos ɗin numfashi yakan bar gudan jini ko ya taɓa naman zuciya, in kinga ɗaya daga ciki ku nemi abun hawa kawai.

In an duba komai lafiya, toh ki sani sati shida ba jinkiri bane ga wanda aka sa wa oksijin. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, tana gaya wa masu tashi daga nimoniya, wato ciwon huhu, cewa wajen sati 6 ne tari da haki suke raguwa sosai, a wata 3 yawancin alamu sun tafi amma gajiya tana iya saura, sai wajen wata 6 akasari suke jin sun dawo daidai. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya da ta fitar da ma'anar doguwar korona, wato alamun da ke daɗewa bayan an tashi daga korona, a Oktoban 2021 daga wata 3 ta fara lissafi. Shi kuwa maigida ko rabin wata 6 ɗin nan bai kai ba.

Kina son rage masa tsatsar jiki da gaske? Fara da wadda yake shaƙa. Tela ne, na rantse ko ban je shagon ba akwai janareto a bakin ƙofa yana turo hayaƙi ciki, a ja shi nesa inda iska zata kwashe. Ga ƙurar yadi ga ƙurar hunturu, ya sa takunkumi in zai hau babur ko in ana shara. A gida kar a shigar da gawayi ɗaki dan jin ɗumi, maganin sauro na kunnawa a maye shi da gidan sauro, in da icce kike girki kar ya zauna kusa. Sannan, ki yi haƙuri ƙanwata, turaren wuta. Na sani, nima ina da kaskona kuma bana son a taɓa min shi, amma huhun da bai gama haɗewa ba bai san bambancin hawi da hayaƙin bola ba, ki turara kaya a waje ki bari ɗakin ya sha iska kafin ya shiga. In yana taɓa sigari ko shisha ai ba sai na faɗa ba. Ki kuma duba farasitamol ɗin da yake watsawa duk sanda jiki ya yi tsami, hanta da gulutatayon take wanke shi, kar ya wuce ƙwaya 8 ta miligiram 500 a yini, kuma yawancin magungunan mura na kemis akwai shi a ciki, mutane suna haɗa biyu basu sani ba.

Abinci kuma ba sai na koya wa Bahaushiya ba. Gwaiba ta fi lemu bitamin C, garin ƙwallon kuka da ake damawa da nono shima yana da shi sosai, ga tattasai da tumatir da gwanda da kwaɗon zogale ko rama da ƙuli. Ganye kar a dafa shi har ya mutu, zafi yana kashe bitamin C. Amma wanda mutane suke mantawa shi ne furotin, tunda da shi jiki yake haɗa nasa gulutatayon ɗin kuma da shi zai mayar da naman da ya zube: wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa, riɗi, nama in ya samu. In baya iya cin da yawa a ba shi kaɗan kaɗan sau biyar. Ban ce zogale zai tashe shi cikin kwana uku ba fa, kar a je a ce Anti ta buɗe nata kamfanin.

Aiki kuma ya bi a sannu, sannu bata hana zuwa. Masu irin wannan gajiyar abun da ke kayar da su shi ne ranar da suka ji ɗan daɗi sai su ce bari in rama, su kwana kan keke, sai washegari ko jibi jiki ya rushe su koma baya da sati guda. Ya dinga tsayawa tun kafin gajiyar ta zo, minti 30 ko 40 ya huta, in sati ya zagayo ba faɗuwa a ƙara kaɗan. Ya riƙe yanka da awo ya bar wa yaran shago taka keke, kowane awo a rubuta a littafi nan take, kuma in Sallah ta matso ya rage karɓar kaya komai daɗin kuɗin. Ki sa ido kan zuciyarsa ma, namijin da ya saba fita nema ya wayi gari matarsa ce ke lissafin adashi, wani shirun da yake yi ba gajiya bace kawai. In bacci ya ƙaurace masa ko ya daina son magana da kowa shima a faɗa wa likita.

Sai Yaya. Ina kyautata zaton ba cutarku ta zo yi ba, yawancin masu harkar nan su ma da kuɗinsu suka sari kayan, an zaunar da su a taro an nuna musu bidiyo sun yarda har zuciya, kuma ƙaninta take gani yana ramewa. Ke dai kar kalmar "a'a" ta fito daga bakinki, ke matar ƙani ce, duk yadda kika tausasa ta da kuɗi za a fassara. Ki karanta wa maigida wannan amsar ku biyu, shi zai ce mata Yaya na gode Allah ya bar zumunci, amma asibiti sun ce in dawo, bari mu ji ta bakinsu tukunna. In da hali ma ku roƙe ta ta raka ku ta taho da kwalaben a nuna wa likita, ke kuma ki yi shiru ki riƙe jaka. In tana son taimakawa akwai ƙofa a buɗe, kiret ɗin ƙwai da kifi ba wanda zai mayar mata.

In sakamakon PCV da na suga sun fito ki turo min lambobin mu duba tare, ki kuma gaya min ko an matsar da janareton.